Bayaraben da Ya Tsallake Ni

Daga Allah muke, gare Shi kuma za mu koma, baƙo da ɗan gari duk ƙofa ɗaya za su bi. Mijin Goggona ya rasu da hantsin wata Laraba, a gidan da ya zauna a Dutsin-Ma tun zamanin Turawa. Ya tsufa ƙwarai, ido ya tafi, ƙafa ta ƙi, Goggo kuma ta daɗe da riga shi. Mu 'ya'yan yayanta Baban Dutsin-Ma muke ce masa, don mu bambanta shi da Baffanmu na Kurfi, wato mahaifinmu. Mutanen gari kuwa Bayarabe mai majigi suke cewa idan yana kusa. Idan ba ya kusa, akwai wani sunan.

Zaman makokin ya rabu gida biyu. Washegari wata doguwar mota ta tsaya a ƙofar gida, mutanensa suka sauko daga ƙasar Yarbawa, tsofaffi da manyan riguna, mata da ɗaurin kai mai tsawo. Kuka suke yi ba ɓoyo. Wani tsoho ya kwanta rub da ciki a bakin ɗakin mamacin, ya daɗe yana magana da yarensu. Da na tambaya aka ce mini cewa yake wannan mutum ne ya koya masa tsayuwa gaban jama'a, kuma a can babu gidan da ba a san fuskarsa ba, saboda wasannin da ya yi da finafinan da ya shirya. Mutanen unguwarmu suna ƙarƙashin rumfa suna kallon ikon Allah. Wani dattijo ya ce a hankali, ashe haka yake da daraja a can.

Namu ma sun zo, ba zan ɗauki alhakinsu ba. Sun yi masa sallah, sun raka shi, sun shafa fatiha. Amma na ga wata tsohuwa daga Karofi ta ja ta tsaya a bakin zaure, leɓenta na motsi, sai da ta ce kurwata kur sannan ta sa ƙafa. Na ga wata mai goyo ta fizgo ɗanta daga bakin ɗakin da marigayin ya cika a ciki, har yaron ya faɗi. Da rana ta yi sanyi wani saurayi, jikan maƙwabta, ya durƙusa gabana ya tambaye ni tsakaninsa da Allah, "Hajiya, wai da gaske ne tsohon nan maye ne?" Na ce ya tashi ya kai wa baƙi ruwa. Amma tambayar ta zauna mini a ƙirji, don waɗanda suka san yadda aka yi duk sun kwanta dama, saura ni, kuma a kan jikina aka sa masa wannan suna. Shi ya sa na zauna rubuta wannan, ko da yake har yau in na zo wasu wuraren sai tsigar jikina ta tashi.

Ba zama ya kawo shi ba. Ya zo ne cikin wata ƙungiya ta 'yan wasan kwaikwayo na Yarbawa, masu yawo gari gari a bayan babbar mota da ganguna da akwatunan kaya, suna yi wa 'yan'uwansu 'yan kasuwa wasa, da duk wanda ya ga dama ya leƙa. A Dutsin-Ma ciwo ya kayar da shi. Abokan tafiyarsa suka ajiye shi a shagon wani tela ɗan garinsu, suka ce za su biyo ta kansa a hanyar komawa, kuma har ya tsufa yana cewa bai fid da rai ba, wataƙila taya ce ta fashe musu. Goggo a lokacin bazawara ce, tana sayar da tuwo a bakin tasha. Ita ta dinga aika masa kunu har ya miƙe. Kullum yana cewa kunun nan ba gishiri ba yaji, amma shi ya ɗaure masa ƙafa. Da maganar aure ta taso, Baffa da mahaifiyarsu, wadda muke kira Kaka, suka nuna ba su so, sai dai Goggo ba macen da ake juyawa ba ce. Musulmi ne, ba ya wasa da sallah, amma Kaka ta ce karatunsa ya fi kama da waƙa.

Da ɗaukar hoto ya fara ci da kansa, da wani akwati mai ƙafa uku da baƙin ƙyalle da yake cusa kai a ciki. Hausa ya ji ta sarai, har habaici yana ganewa, amma har ya koma ga Allah bai raba namiji da mace a bakinsa ba. Goggo kai ce, ni ma kai ce. Ta yi faɗan har ta gaji ta bari. Babban rikicinsu dai a kan barkono yake. Ita ta ce so yake ya ƙona mata hanji, ta ɓoye barkonon gidan kaf, shi kuma ya sami gwangwanin taba ya cika da yaji, yana yawo da shi a aljihu har gidan suna. Sun taɓa yin gaba a kan haka, ranar da suka shirya kuwa shigowa ya yi da irin tafiyarta, yana murguɗa baki irin nata, har dariya ta ci ƙarfinta.

Baiwarsa ke nan. Idan mutum ya gifta ta gabansa ya ɗauke shi, da tafiya da tari da yadda yake gyara hula. Wata sallah suka zo mana ziyara a rugarmu, can bayan Kurfi. Muna zaune ana hira sai muka ji muryar Kaka tana kiran kaji, alhali ga Kaka nan bakinta a rufe tana tsinkar zogale. Kajin nan suka sheƙo a guje suka kewaye shi. Kowa ya yi dariya har da riƙe ciki, ban da Kaka. Da suka tafi ta ce wa Baffa, mutumin da ya iya ɗaukar muryar wani ya sa a bakinsa, ba a san iyakar abin da ya iya ɗauka ba. Ina jin ta. Tun daga ranar, in ya zo nakan yi shiru don kada ya ji muryata, ko da yake bai taɓa zuwa ba alewa a aljihu ba.

Labarinsa ya kai ga masu majigin gwamnati, waɗanda ke yawo ƙauyuka da mota suna haska fim a jikin farin ƙyalle don koya wa mutane tsabta da noma. Suka riƙa ɗaukarsa zuwa Kaduna yana fitowa a finafinansu. Kullum shi ne mai taurin kai, wanda aka hana shan ruwan kududdufi ya sha, aka ce ya kai ɗansa a yi masa lambar rigakafi ya ƙi. A wani fim ɗin har ya mutu aka naɗe shi a tabarma. Ranar da aka haska shi a Dutsin-Ma, ga shi can a jikin ƙyalle an ɗauke shi za a kai, ga shi nan kuma cikin 'yan kallo yana ɓare gyaɗa. Matan da ke kusa da shi suka zame ɗaya bayan ɗaya. Abin ya daɗe yana ba shi dariya. Goggo ba ta taya shi ba, ta ce mutanen nan da baki suke dariya, abin yana nan a cikinsu ajiye.

Bayan an sami mulkin kai, wani Bature da suka yi aiki tare zai koma gida ya bar masa 'yar ƙaramar kyamara, wadda ake murɗawa kamar agogo, tana ɗaukar motsi amma ba ta ɗaukar magana. Ya ce ya gaji da zama wawa a fim ɗin wasu. So yake ya ɗauki mutanenmu yadda suke, ba wa'azi ba darasi, su ga kansu. Ya zaɓi ranar kasuwar Kurfi. Ya ɗauki mahauta, da 'yan koli, da maƙera, da wani jaki da ya ƙi tafiya. Ya ɗauki Inna, mahaifiyata.

Ban fi shekara goma ba lokacin. Inna fura da nono take kaiwa kasuwa, ni ina biye da ita da faifai da ludayi. Tana da wani irin kira nata mai ja a ƙarshe, wanda ko daga bakin kasuwa ka ji ka san ita ce. Da ta ga ya saita mata abin, ta ja gefen mayafi ta rufe baki tana dariya, ta ce ya rufa mata asiri, ga surukai a kasuwa. Ya roƙe ta ta tako kawai. Ta tako zuwa wajensa da ƙwarya a ka, da cikinta da ya fara fitowa, ni ina bayanta. Shi ke nan abin da aka yi.

Fim a wancan zamani sai an aika da shi nesa an wanke, ya yi watanni kafin ya dawo. Kafin ya dawo damina ta faɗi, Inna ta zo haihuwa, ita da abin da ke cikinta ba wanda ya tashi. Baban Dutsin-Ma ya zo gaisuwa ya yi kuka da hawaye a tsakiyar maza, har Baffa ya ji kunya ya kau da kai.

Bayan girbi gwangwanin fim ɗin ya iso. Ya ari majigi da injin wuta wajen abokansa, ya nemi izinin mai garin Kurfi, ya kuma zo da kansa har ruga ya gayyaci Baffa, ya ce a zo da ni, yana da tsaraba ta musamman dominmu. Bai faɗi ko mece ce ba. Ko Goggo bai gaya wa ba. Ta ce da ta sani, da ta zauna a kan gwangwanin nan sai dai ya ɗaga ta. Daga baya ita ta fahimtar da ni inda kuskuren ya fito. A garin da aka haife shi ba a gudun matattu yadda muke yi. Akwai lokacin da ake fito da su cikin sutura su zaga gari su gaishe da 'ya'yansu, 'ya'yan kuma murna suke yi, har da kyauta. Shi ya bar wannan al'ada don addini, amma a cikinta ya yi wayo. A ganinsa babu alherin da za ka yi wa marainiya da ya wuce ka nuna mata uwarta tana dariya.

Ana idar da magariba aka ɗaura farin ƙyalle tsakanin sanduna biyu a filin makaranta. Da yake fim ɗin ba ya magana, shi ya tsaya a gefe da lasifika yana yi wa kowa tasa muryar. Mahauci ya bayyana, ya yi cinikin mahauci. Jaki ya bayyana, ya yi kukan jaki. Fili ya kaure da dariya, kowa yana nuna nasa da yatsa, ni ma har na manta da kaina ina tsalle kusa da Baffa.

Sai Inna ta fito. Ta fi tsawonta na duniya, ta rufe baki da mayafi, ta saki, ta fara takowa wajenmu da ƙwarya a ka. Dariyar ta ɗauke. Ba abin da ake ji sai ƙarar inji. A cikin wannan shirun ne ya kai bakinsa ga lasifikar ya yi kiranta, da muryarta, har da jan nan na ƙarshe.

Ban san yadda zan kwatanta ba. Wani sanyi ya taso mini daga ciki har haƙorana suna haɗuwa. Wata mata ta ɗaga murya da salati, fili ya hargitse. A wajen gudu aka ture sanda ɗaya, ƙyallen ya zube, amma hasken bai mutu ba, sai ya zama Inna tana tafiya a jikin bangon makaranta da bayan mutanen da ke gudu. A nan na lura da wata yarinya a bayanta riƙe da faifai. Ni ce. Ba wanda ya gaya mini komai, ni na yi tunanina: mu biyu ne a ciki, ɗaya tana kabari. Baffa bai gudu ba. Ya tsaya har aka kashe injin, sannan ya saɓa ni a kafaɗa, muka kama hanyar gida.

Ba a jima ba zazzaɓi ya kama ni. Na daina cin abinci. In na rufe ido sai in ga ƙwaryar nan tana tahowa, don haka na ƙi rufewa. Jikina nake ji fayau, kamar an zare wani abu daga ciki. Aka yi rubutu, aka yi hayaƙi, aka jiƙa sassaƙe, abu sai gaba yake. An ce a cikin zafin ciwo na yi ta kiran Baban Dutsin-Ma. Ni ban sani ba, amma a wajen Kaka magana ta ƙare, yarinya ta kama suna. A al'adarmu ta lokacin, idan maye ya kama kurwar mutum magani ɗaya ne, a kawo shi gaban jama'a ya tsallake majinyacin, ya sake shi. Wanda ya tsallake kuma aka warke, ya tabbata maye ke nan, ba mai sake cin abincin hannunsa, ba mai barin ɗansa ya gifta ƙofarsa.

Baffa ya ɗauki sandarsa ya tafi Dutsin-Ma don ya zo da shi ya tsallake ni. Abin da ya faru a can Goggo ce ta ba ni. Ta ce ta wanke yayanta tas, abin da ba ta taɓa yi ba. Limamin unguwa ya zo ya ce wannan ba ya cikin addini, kada Baban Dutsin-Ma ya yarda. Telan nan ɗan garinsu ya ce masa ya shiga mota a ranar ya yi kudu, don an fara taruwa a bakin hanya. Shi duk bai bi ta kansu ba, tambayar Baffa yake ko ina shan ruwa, ko ina gane mutane. Da ya ji amsa sai fuskarsa ta canza, ya ce a kawo ni asibiti yau yau. Baffa ya ce ba inda zan je sai an sake ni. Baban Dutsin-Ma ya ɗago ya dube shi.

"In na tsallake, za ka ba ni yarinya in kai asibiti?"

"In ka sake ta, ka kai ta inda ka ga dama," in ji Baffa.

Goggo ta sha gaban mijinta. "Ka san mi kake shirin yi kuwa? Kai ka san allura ce za ta tashe ta, su kuwa cewa za su yi kai ka sake ta. In ɗiyar nan ta tashi, kai ka faɗi ke nan a garin ga har abada."

"To, yarinya ya tashi," ya ce, ya shiga neman takalminsa.

Da hantsi aka fito da ni aka shimfiɗe a tabarma tsakanin bukkoki. Wannan kam ina tune da shi, don tsoro ya wartsakar da ni. Rugar duk ta fito, har da mutane daga Kurfi, sun kewaye mu daga nesa. Can bakin hanya ga motar wani direba ɗan garinsu da ya roƙo tana jira. Kaka ta ce a fara da gwangwanin fim ɗin. Baban Dutsin-Ma ya miƙa shi da hannunsa, Baffa ya zazzage fim ɗin a wuta, ya riƙa nannaɗewa yana narkewa da wani irin wari. Fim ɗin farko da ya ɗauka da kansa ke nan, kuma babu wani hoton Inna a duniya sai shi. A lokacin sanyi na ji a raina. Yau kuwa da za a ce in ba da idona ɗaya in sake ganin takun nan, da na bayar.

Aka sa ya tuɓe riga da hula da takalmi, ya rage daga shi sai gajeren wando. Na ga inuwarsa ta rufe ni, na ga faso a diddigensa, na tabbata ƙarasa ni ya zo yi. Ya ɗaga ƙafa ya tsallake ni a hankali, kamar mai tsallake jaririn da ke barci, ya juyo ya kalli Baffa. Kaka ta girgiza kai. Ta ce bai saki komai ba, ita ta taɓa ganin yadda maye ke saki, ba haka yake ba. Jama'a suka fara gunaguni, na ga maza suna gyara riƙon sanduna.

Ya kalli motar, ya kalli ƙirjina yadda yake sama da ƙasa. Sai ya ba su abin da suka zo gani. Ya ranƙwafa ya dafe ciki, idanunsa suka juye, wata murya ta fito daga maƙogwaronsa wadda ba ta mutum ba. Ya sake tsallake ni yana tangaɗi, ya dunƙule hannu yana kokawa da abin da ba ya son rabuwa da shi, sannan ya buɗe yatsun ɗaya bayan ɗaya a kan ƙirjina, ya zube ƙasa yana haki. Mata suka watse da salati, maza ma sun ja da baya. Fitsari ya kuɓuce mini. Goggo kaɗai ta tsaya inda take ta rufe fuska da mayafi, don ita ta san wasa yake yi, ta kuma san abin da wasan zai jawo masa. Kaka ta ce yanzu ya saki.

Ko riga bai tsaya sawa ba, ya sunkuce ni ya nufi mota. Yana tafe ya sa baki a kunnena, da muryarsa ta kullum, ya ce, "Kada ka ji tsoro, wasa ne." Ban yarda ba. Har muka isa Dutsin-Ma idona a runtse yake, ina karanta abin da na iya a zuci.

A asibiti aka yi mini allurai, aka ce a bar ni a gidan Goggo har in yi ƙwari. Na warke. Labari ya zaga Kurfi da Karofi da Shema cewa ya tsallake ta, ta tashi. Daga nan ba wanda ya sake zama gaban akwatin hotonsa. Masu majigi ma suka daina biyowa ta kansa in za su ƙauyukanmu, don in an gan shi ba mai fitowa kallo. Dole ya mai da aikinsa kudu. Can ya koma dandali, can ya shirya finafinansa, ya yi watanni ya dawo, don Goggo ta ce ba za ta bar garinsu a ce gudu ta yi ba, shi kuma ya ce ba zai iya cin tuwon kowa ba. A nan bai sake kwaikwayon muryar kowa ba. Baffa bai sake shiga gidan ba har ya rasu, ko da yake duk girbi yakan aiko da damin gero, ba saƙon komai. Ban taɓa jin Baban Dutsin-Ma ya zagi ɗayansu ba. Kaka ma cewa yake da ta shiga sana'arsu da ta yi suna, don ta san abin da ɗan kallo ke so.

Amma ranar da nake so a riƙe ita ce wadda na fara takawa da ƙafata har zaure. Murna ta hana shi zama. Ya je ya sayo rago ya yanka don godiya ga Allah, Goggo ta dafa, aka zuba a kwanuka aka rarraba wa unguwa gida gida. Kafin la'asar kwanukan suka fara dawowa, ba a ko ɗaga murfinsu ba. Wasu yaran a bakin ƙofa suke direwa su ruga. Goggo ta zauna tana kukan baƙin ciki, tana ambaton waɗanda suka ci tuwonta shekara da shekaru. Shi kuwa jera kwanukan yake a zaure a tsanake, sai ya ɗago ya gan ni dafe da bango. Ya tambayi Goggo ko na ci abinci, ta ce tun safe na ƙi.

Ya buɗe kwano ɗaya, ya zaɓo hanta, ya tsaya daga nesa ya miƙo mini. Bai ce in karɓa ba. Na san abin da ya sa kowa ya dawo da nasa, na san abin da ake cewa game da wanda ya ci daga hannun maye, kuma muryar nan ta ranar tsallaka tana nan a kunnena. Romo yana ɗiga ƙasa daga hannunsa. Ban san abin da ya tura ni ba, na saki bango na tako na karɓa na kai baki. Ya jira har na haɗiye, sannan ya juya ya fuskanci bango, kafaɗunsa suna girgiza, kuma wannan karon ba don 'yan kallo ba ne.

Allah Ya jiƙan Baban Dutsin-Ma, Ya yafe masa kuskurensa, Ya yafe wa Kaka da Baffa, tsoro ne da ƙauna suka haɗu musu. Ya haskaka kabarinsa, Ya tsallakar da shi siraɗi lafiya. Wanda ya so ya ci gaba da faɗin abin da ya ji a gidansu, bakinsa ne. Ni dai na ci naman nan, kuma ga ni har yau da jikokina.